Yadda Ake Auna Zaman Ɗuri a Bindigar Gargajiya: Alamomi Uku a Jikin Sanda

Sau da yawa a kasuwar Tanut nakan ji wani yana koya wa yaro ɗurin bindiga da fatar baki: wai ka zuba albarushi, ka tura tsumma, ka sa dalma, ka daka, in sanda ta rage yatsu uku a waje shi ke nan. Yatsun wa? Yatsu uku na maƙeri sun kai huɗu na ɗan makaranta. Kuma a wace bindiga, da wace sanda? Wannan lissafi na yatsu ya raba mutane da yatsunsu a nan Damargu, kuma na ga hakan da idona.

Bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda wasu ke kira adaka, wasu harbi-ka-ruga, ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a Birnin Damagaram, kuma har gobe ƴan bindiga na yin harbi ranar hawan sallah. Amma daɗewar abu a hannun mutane ba ta sa kowa ya iya shi. Matsalar bindigar nan ɗaya ce: ba ka ganin cikinta. Sandar ɗuri ita ce idonka. Abin da zan koya maka shi ne yadda za ka sa sandar ta riƙa gaya maka gaskiya kowane lokaci.

Kafin komai, bindiga tana da takarda, farauta ma tana da tata. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, ita ce ta tsara lokaci da irin naman da aka halatta. Gandun Gadabeji da ke yamma da mu da gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 a gabas ba wuraren harbi ba ne. Je ka ga ma'aikatan gandun daji kafin ka fita. Ni zancena na mai tsaron gona ne da mai neman zabo da zomo bisa ƙa'ida.

Mataki na 1: Tabbatar babu komai a ciki

Duk bindigar da ka gada, ko ka saya, ko ta kwana ba a hannunka ba, ka ɗauke ta a matsayin ɗurarriya. Sauke kunama, cire ƴar hular da kunama ke doka idan akwai, ka kau da bakin daga kanka da kowa. Zura sanda har ta tsaya. Kama ta da babban yatsa daidai bakin bindiga, zaro ta, ka kwantar da ita a bayan bututun daga waje ba tare da ka sake yatsan ba. Ƙarshenta ya kamata ya kai wajen kafar wuta, wato ƴar hudar da wuta ke bi ta shiga. In ya tsaya nesa da ita, akwai abu a ciki. Kada ka leƙa, kada ka hura da baki.

Mataki na 2: Samo wa bindigar sandarta

Kowace bindiga da sandarta, ba a aro. Alamar da ke jikin sandar maƙwabcinka labarin bindigarsa take bayarwa.

Ni itacen aduwa nake so, busasshe, miƙaƙƙe, wanda jijiyarsa ta bi tsawonsa daga kai zuwa gindi. Dubi wannan da kyau. Sandar da aka fafe daga karkataccen itace, jijiya ta fita ta gefe, wata rana za ta tsage a karkace kamar wuƙa ta shige tafin hannunka. Rodin gini kuma ban yarda da shi ba: yana cin bakin bindiga, kuma nauyinsa na hana ka jin abin da ke faruwa a ƙasa. In ka samu ta tagulla, madalla. Ta ɗara bututun tsawo da kamar faɗin tafi, kanta na ƙasa ya zama shafaffe, ba mai tsini ba. Masassaƙi ba zai karɓi kuɗi mai yawa ba, sau da yawa ma goro ne kawai.

Mataki na 3: Alamar farko, ta wofi

Wanke bututun da ruwan zafi, ka goge shi da tsumma har ya bushe sarai. Zura sanda ta taɓa ƙasa, ka zagaya ta da ɗan tsagi na wuƙa daidai bakin bindiga. Tsagi mara zurfi, don kada sandar ta yi rauni a wurin. Ka cusa baƙin tukunya a ciki don ya fito fili. Kada ka yi da alli ko gawayi kawai, zufa na sharewa.

Mataki na 4: Awon albarushi da alama ta biyu

Ba zan faɗa maka yawan albarushi ba, kuma duk wanda ya faɗa maka bai riƙe bindigarka ya duba ta ba, kada ka saurare shi. Bututu ya bambanta da bututu a faɗi da kauri da shekaru. Maƙerin da ya san ta, ko dattijon maharbi da ya daɗe da irinta, shi zai yanka maka awo. In an yanka, a yi masa ma'auni na dindindin, ɗan guntun ƙaho ko ɗan kwano da aka datse daidai, a ɗaure shi da igiya a jikin jakarka. A cika shi, a shafe kansa da yatsa, babu tozo.

Daga ƙahon ajiyar albarushi zuwa ma'auni, a toshe ƙaho, sannan daga ma'auni zuwa bindiga. Kada ka taɓa kafa bakin ƙaho a bakin bindiga. In guntun tsumma na ci a ciki daga harbin baya, abin da ke cikin ma'auni kaɗai zai tashi ya babbake maka gira; in ƙahon ne a hannunka, hannun ne zai tafi.

Ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa. Baƙin albarushi kaɗai ake zuba wa wannan bindiga. Garin da ke cikin harsashin zamani wani abu ne daban. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fito da irinsa a 1884, kuma sai da aka ƙera bindigogi na musamman masu jure ƙarfinsa. Yaran da ke fasa harsashin da suka tsinta su juye garinsa a adaka, ko su gauraya shi da baƙi wai don ƙarin ƙarfi, bam suke riƙe da shi kusa da fuska. Babu wani awo na wannan gari da yake lafiya a bindigar maƙera, ko kaɗan ne.

Bayan ka zuba, ɗan bubbuga gefen bututun da tafi don garin ya sauka, ka tura tsumman farko ya zauna a kansa. Yi tsagi na biyu. Tsumman nan ma ka yanka shi girma ɗaya tun daga gida, da yawa, ka zuba a jaka. Wanda ke yagar gefen rawani a daji, yau babba gobe ƙarami, alamarsa ba za ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Mataki na 5: Zaunar da dalma

A nan aikin yake, kuma a nan na koyi darasi mai tsada.

Ƙa'idar ita ce: albarushi, tsumma, dalma, tsumman rufi, kowane yana zaune daram a kan ɗan'uwansa, babu sarari ko na ƙwayar gero a tsakani. Idan dalma na zaune a kan albarushi, wuta na kamawa sai ta fara tura ta a hankali, ta ƙara gudu har ta fita. Idan kuwa ta tsaya a tsakiyar hanya, ta zama toshiya. Iskar wutar za ta taho a guje ta cikin sararin nan ta yi karo da ita, ƙarfin duka ya taru wuri ɗaya, a inda ƙarfen bututu ya fi sirantaka. In an yi sa'a, bututun ya kumbura kamar maciji ya haɗiye ƙwai. In ba a yi ba, ya tsage, kuma wurin da yake tsagewa sau da yawa daidai inda hannun hagu ke riƙe ne.

Wata shekara bayan girbi, muna gona wajen Gangara, ɗan kawuna ya ɗura bindigarsa da asuba yadda ya saba, ya rataye ta a sirdin raƙumi baki ƙasa. Muka yi tafiyar rabin yini. Da zabi suka tashi ya sauko ya harba. Ƙarar da na ji ba irin wadda na sani ba ce, gajeriya ce mai kauri kamar an fasa tulu. Na waiga na ga bututun ya buɗe kamar karan dawa da aka taka, shi kuma yana tsaye yana kallon hannunsa bai ce komai ba. Muka naɗe hannun da rawanina. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, kuma ban taɓa ganin hanya mai tsawon ta ranar ba. Ya dawo gida babu yatsu biyu.

Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kawu bai musa ba. Amma da aka watse ya kira ni, ya ɗauko guntun bututun ya nuna mini inda ya fashe.

Ya ce, "Ɗana, ina albarushi yake zama?"

Na nuna gindin.

"To me ya kawo fashewa nan sama?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

Ya ce, "Dalma ce ta zame. Tafiyar raƙumi ta girgiza ta. Da ya zura sanda kafin ya harba, da ta gaya masa."

A daren ya yi wa sandata tsagi uku da wuƙarsa, kuma da ita nake aiki har yau.

Ga yadda ake turawa. Gindin bindiga a ƙasa, bakinta a karkace, nesa da fuskarka da ƙirjinka. Kama sanda daga gefe da yatsu, kusa da bakin bindiga, ka riƙa tura ta guntu-guntu, kana sake kamu. Kada ka kama can sama ka danna gaba ɗaya, a nan take lanƙwasa ta karye. Kada kuma ka ɗora tafinka a kan sandar: in wuta ta tashi, sandar ce za ta zama harsashi ta huda shi.

Za ka ji saukar dalma a yatsunka. Da farko tana tafiya da ɗan ja, can sai ta tsaya. Tsayawa iri biyu ce, kuma sai hannu ya saba yake rarrabewa. In dauɗar bututu ce ta riƙe ta, tsayawar busasshiya ce, kamar ƙafar amalanke ta ci karo da dutse. In ta isa kan tsumman albarushi, za ka ji ɗan laushi, ta ɗan nutse kaɗan sannan ta ƙi gaba, kamar ka danna buhun gero cikakke. A nan sai ka danna sau ɗaya da nauyin hannu mai kyau, ka tsaya.

Masu cewa a daka kamar ana dakan fura, har sanda ta riƙa tsalle, ba su taimake ka ba. Duka na niƙe ƙwayoyin albarushi su koma gari, yana lotsa dalma, kuma tunda ƙarfin dukan yau ba na jiya ba ne, harbin yau ma ba zai faɗa inda na jiya ya faɗa ba. Abin da ake nema danni ɗaya ne, iri ɗaya, kullum.

Sai tsumman rufi. Idan ƴan ƙwayoyin dalma kake sawa na tsuntsu, su ma da ma'auninsu, kuma wannan tsumma ne kaɗai ke riƙe da su. Ya shiga da ɗan matsi. In ya faɗa da kansa, ya yi ƙanƙanta, kuma shi ne irin wanda ya cuci ɗan kawuna. Tura shi ya zauna, ka yi tsagi na uku. Wannan ita ce babbar alama. Ni nakan yi ta biyu kusa da juna don in gane ta da taɓi ko da duhun asuba.

A Amurka akwai maharban da ke ɗura harsasan zamani da hannunsu a gida, kuma su ma zurfin zaman dalma shi ne abin da suka fi yi wa ƙwaƙƙwafi. Suna auna shi da kashi ɗaya cikin 1000 na inci, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, domin sun san in kan harsashi ya nutse fiye da kima cikin kwansonsa wurin gari ya ragu, matsi ya hau, in kuma ya fito da yawa har ya dafe bakin zanen cikin bututu, nan ma matsi ya hau. Bindigarsu daban, garinsu daban, kuma lissafinsu ba ya aiki a tamu. Amma abin lura, mutanen da ke da ƙarfen masana'anta ba su yarda su yi ƙiyasi da ido ba. Mu da muke riƙe da ƙarfen da aka ƙera a gindin bishiya mun fi su bukatar awo.

Mataki na 6: Karanta abin da sanda ta ce

In tsagi na uku ya zo daidai bakin bindiga, ɗuri ya yi.

In ya tsaya sama da baki kaɗan, dalma ba ta zauna ba. Ƙara dannawa a hankali. In ta sauka, to. In ta ƙi, ba a harba wannan bindiga.

In ya tsaya sama sosai, kwatankwacin tazarar da ke tsakanin tsagin farko da na uku, to ɗuri biyu ka yi. Yana faruwa ga kowa: ana cikin ɗuri wani ya yi sallama, ka amsa, ka dawo ka sake daga farko. Shi ya sa ba na magana in ina ɗuri, ko gaisuwa sai na gama.

In ya nutse ƙasa da baki, wani abu ya ɓace, galibi albarushi aka manta.

A duk waɗannan, magani ɗaya ne: fitar da ɗurin. Babu hula a kan kafar wuta. Zuba ruwa ta baki da ta kafar, ka jingine ta ta jiƙa sosai don albarushi ya mutu, sannan ka jawo tsumma da dalma da ƙugiya mai murɗi da ake ɗaurawa a kan sanda. In ta gagara, kai wa maƙeri, kuma kalmar farko da za ta fito bakinka bayan sallama ita ce "a ɗure take". Maƙeri da wuta yake aiki. In ya sa gindinta a wuta don ya kwance, bakinta na kallon mai zuga.

Kada ka yarda da mai cewa a ɗaure ta a bishiya a ja da igiya don a huta. Ko ba ta fashe ba, ta ji rauni a ciki, kuma a hannunka za ta nuna shi wata rana.

Mataki na 7: Dauɗa

Baƙin albarushi in ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska: wani ya fita hayaƙi, wani ya manne a bututu. A hunturun Damargu, da iska ta bushe ƙayau, dauɗar nan na daskarewa nan da nan. Harbi na uku ko na huɗu za ka ga dalma ta fara tsayawa kafin tsagi. Kada ka karɓi sabon wurin a matsayin daidai. Alama ba ta tashi daga inda take, bututu ne ya ƙuntata. Goge da tsumma mai ɗan danshi, ka bi da busasshe, bayan kowane harbi biyu. Wannan na kashe duk wata wuta da ta saura.

Kana gogewa kana saurare da hannu. In tsumma na tafiya da matsi sai ya kai wani wuri ya saki, sannan ya sake kamawa, bututun ya kumbura a nan. Aikin wannan bindiga ya ƙare. Rataye ta don tunawa da mai ita.

Mataki na 8: Sake aunawa bayan tafiya

Raƙumi, jaki, babur, amalanke, ko doguwar tafiyar ƙasa: da ka isa, tabbatar babu hula, zura sanda, dubi tsagi na uku. Aikin numfashi biyu ne. Ka riƙa ɗaukar bindiga baki sama. In bakin ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya, duba shi, rairayin nan namu na toshe bututu kamar yadda dalma ke yi.

Mataki na 9: Hula a ƙarshe

Ba a sa hula sai an ga abin harbi. Ba a hawa dabba ko babur da hula a kan bindiga.

In ka ja kunama ta ƙi tashi, ci gaba da riƙe ta a kafaɗa, baki na kallon inda ka nufa, ka ƙirga sittin a hankali. Da damina, in albarushi ya sha danshi, wuta kan yi ta ci a ɓoye sannan ta tashi. Bayan nan cire matacciyar hular, ka ƙara jira, sannan ka zura sanda da yatsu daga gefe. Ƙarfin hula kaɗai na iya ɗaga dalma daga kan albarushi, kuma mutane da yawa a nan suke faɗawa: su sa sabuwar hula su harba a kan sarari.

Mataki na 10: A gida

Bindiga ba ta kwana a ɗure inda yara suke. Fitar da ɗurin, wanke, busar, shafa ɗan mai, ka toshe bakin da tsumma mai launi wanda ke leƙowa waje don kada ka manta da shi. Zanzaro na son bututun bindiga, cikin kwana kaɗan zai gina ɗakinsa na laka a ciki. Albarushi kuma nesa da murhu, nesa da bindigar.

In ka sauya wani abu, sabon albarushi, dalma mai wani girma, ko tsumma mai wani kauri, tsoffin alamomi na biyu da na uku sun tashi aiki. Koma wurin wanda ya yanka maka awo, ka samo sabuwar sanda ko ka kankare tsofaffin, ka sake daga mataki na uku. Sanda mai tsagi bakwai ba ta gaya wa kowa komai.

Bara ɗan ƙanena ya kawo mini bindigar da ya gada, yana ɗokin fita. Na ce ya zura sanda tukuna. Ta tsaya faɗin tafi guda kafin kafar wuta. Ya ce, "Baba, ai shekara shida tana rataye, babu komai." Muka jiƙa ta, muka jawo tsumma, da dalma, da albarushin da mahaifinsa ya zuba da hannunsa kafin ya kwanta ciwon ajali. Yaron ya daɗe yana kallon abin a tafinsa. Sannan ya miƙo mini wuƙarsa da sandar, na nuna masa inda zai yi tsagin farko, ya yi da kansa.